Wane jirgin ruwa ya dace da Baba da Mama, wanda darensa ba ya mutuwa da wuri?

Wata baiwar Allah da ke aiki a Mancesta ta aiko da tambaya. Iyayenta za su zo mata daga Kano, Baba yana da shekara 72, Mama 66, kuma tana so ta kai su yawon mako guda a jirgin ruwa na shaƙatawa da zai tashi daga Ingila. Baba mutum ne mai son kiɗa da hira, ba ya kwanciya kafin sha ɗaya. Mama tana fama da gwiwa, Turancinta kuma ba shi da yawa. Ba sa shan giya, ba sa caca. Abu biyu take tsoro: kada ta faɗa jirgin da kowa ke shigewa ɗaki da ƙarfe tara, kada kuma ta faɗa na samari mai hayaniya har asuba. Wane kamfani za ta zaɓa?

Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya. Abu na farko da zan gaya miki, bayan shekarun da na yi ina shirya wa mutane irin wannan tafiya, shi ne kada ki sayi sunan kamfani. Ki sayi daren wani jirgi guda, daga ƙarfe shida na yamma zuwa sha ɗaya, sa'a bayan sa'a. Kamfani ɗaya yana iya samun jirgi mai cika da kiɗa da wani mai shiru kamar unguwa bayan sallar isha'i. Hatta jirgi ɗaya ma, darensa a watan Agusta daban yake da na Satumba, domin mutanen da ke cikinsa sun canja.

Ga yadda za ki ga daren tun kafin ki biya. Kowane jirgi yana fitar da takardar shirye-shiryen rana, a wasu jirage ana tura ta ƙarƙashin ƙofa ko a ajiye a kan gado kowane dare, yanzu kuma tana cikin manhajar waya. Royal Caribbean suna kiran tasu Cruise Compass, Cunard kuma Daily Programme. Matafiya da yawa suna ɗaukar hotonta su sa a intanet. Ki nemi ta jirgin da kike so, ta watannin baya-bayan nan, ki rufe shafin safe da hannunki, ki karanta daga shida na yamma kawai. Ki ƙirga wurare nawa ne ake kiɗa da makaɗa na gaske a lokaci guda, ba na'ura ba. Ki duba ko akwai abin yi tsakanin goma da sha ɗaya wanda ba gidan caca ba ne, ba kuma ɗakin rawar samari ba. Idan kin samu wurare uku ko huɗu, Baba ba zai yi kaɗaici ba. Gani ya kori ji, kuma takardar nan ta fi duk wani talla gaskiya.

To, su waye ke da irin daren da kike nema?

Da yake daga Ingila za ku tashi, Cunard ne ya fara zo mini a rai, kuma a kansa zan fi daɗewa. Tsohon kamfani ne, tun 1840 yake ratsa Tekun Atlantika, kuma tasharsa Sauthamton ce, a kudancin Ingila, wadda za ki iya kai su a mota ko jirgin ƙasa. Jiragensa huɗu ne: Queen Mary 2 na 2004, Queen Victoria na 2007, Queen Elizabeth na 2010, da sabon, Queen Anne, na 2024. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne zauren da ake kira Queens Room. Da la'asar, wajen uku da rabi, ana zuba shayi da kek a can, ma'aikata sanye da farar safar hannu, ana kaɗa fiyano ko goge a hankali. Da dare kuma zauren ya koma wurin rawa, cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a kan dandamali, masu busa da masu ganga da mai waƙa. Na Queen Mary 2 shi ne zauren rawa mafi girma a kan teku. Ba dole sai mutum ya taka ba. Na ga dattawa da yawa da ba su taɓa tashi daga kujera ba, suna zaune da kofin shayi suna kallon ma'aurata 'yan shekara tamanin suna juyawa a fili, kuma da safe su ce daren jiya ya fi musu komai. Akwai kuma babban ɗakin wasan kwaikwayo, da mai fiyano a wani zauren, da masu goge a wani. Ƙarar kiɗan tana barin mutum ya ji maganar wanda ke gefensa, kuma ga mai shekara 72 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutane da yawa suna gudun Cunard saboda dokar sutura. Bayan shida na yamma ana son shiga ta mutunci, kuma galibi dare biyu a mako ana yin daren kwalliya, maza da kwat da nektai, mata da dogayen riguna. A wurin iyayenki wannan riba ce. Kamfanin yana karɓar kayan gargajiya na ƙasa a wannan dare. Ki sa Baba ya zo da babbar rigarsa ta shadda da hula, Mama da leshinta da mayafi. Mutanenmu ba sa buƙatar a koya musu shiga taro, kuma a jirgin da kowa ke yawo da gajeren wando da silifa har dare ne dattijo Bahaushe ya fi jin baƙunta, ba a wannan ba.

Wani abu game da Queen Mary 2 da masu son dare ya kamata su sani: idan yana ratsa teku daga Sauthamton zuwa Niyok, kwana bakwai ba tsayawa, ana mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a darare biyar, don haka mutum yana samun ƙarin sa'ar hira ko barci. A dawowa kuwa sa'a ake ragewa. Sai dai wannan hanya tana buƙatar bizar Amurka, don haka ba ita nake ba ki shawara a karon farko ba.

Na biyu a wurina shi ne Holland America Line, idan kiɗa ne kawai zuciyar Baba. Kamfanin yana nan tun 1873, fasinjojinsa yawanci manya ne. A manyan jiragensa uku, Koningsdam na 2016, Nieuw Statendam na 2018 da Rotterdam na 2021, an jera ɗakunan kiɗa a bene ɗaya, kusa da juna, suna kiran wurin Music Walk. Akwai B.B. King's Blues Club, inda ake kiɗan baƙar fatar Amurka da masu busa da mawaƙa masu murya; akwai ɗakin kiɗa na Rolling Stone; akwai Billboard Onboard inda mutum biyu ke kaɗa fiyano suna rera waƙoƙin da jama'a suka sani. Kowace ƙungiya takan yi kamar minti arba'in da biyar ta huta, wata ta ɗauka. Amfanin wannan ga Mama shi ne taku kaɗan ne tsakanin wannan ɗaki da wancan. Kamfanin ya sha sauya waɗannan ɗakuna daga jirgi zuwa jirgi, shi ya sa na ce ki duba takardar jirgin kansa. Rauninsa kuwa babban ɗakin wasansa bai kai na wasu armashi ba, kuma wajen sha ɗaya jirgin ya fara yin tsit. Mafi yawan tafiye-tafiyensa na arewacin Turai daga Holan suke tashi, kenan akwai ƙarin hanya kafin a hau.

Princess Cruises tsaka-tsaki ne, kuma ba na faɗin haka don raini. Sky Princess, wanda aka ƙaddamar a 2019, ya saba tashi daga Sauthamton a watannin zafi. A tsakiyarsa akwai fili mai hawa uku da ake kira Piazza, inda daga yamma har dare ba a rasa mai goge ko mai waƙa ko ɗan wasan tsalle-tsalle, ga kujeru ko'ina, ga wurin shan kofi a gefe. Dattijon da yake son zama inda jama'a ke wucewa, kamar yadda ake zama a majalisar ƙofar gida, nan zai so. Suna kuma nuna fim a babban majigi a saman jirgi, a sarari, ana raba bargo da gugguru, amma a hanyar Norwe sanyi yakan kori mutane da wuri.

P&O Cruises na Turawan Birtaniya ne tsantsa, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Darensu cike yake da masu barkwanci da gasar kacici-kacici kan shirye-shiryen talabijin da waƙoƙin da suka taso da su. Ke da kike zaune a can za ki yi dariya. Mama za ta zauna minti arba'in da biyar kowa na ƙyaƙyatawa ita ba ta san dalili ba. Wannan batu na harshe mutane ba sa lura da shi sai sun hau. Kiɗa da rawa da rufa-ido da wasan tsalle-tsalle ba sa buƙatar tafinta, barkwanci kuwa yana buƙata. A nan kamfanin MSC ya yi fice: da yake fasinjojinsa Italiyawa ne da Jamusawa da Faransawa da sauransu a haɗe, wasanninsa na dare kusan duk na ido ne da kunne, magana kaɗan. Sai dai akwai cunkoso, akwai yara da yawa, kuma sanarwa ɗaya sai an maimaita ta da harsuna da dama.

Za a gaya miki Royal Caribbean ne sarkin wasannin dare, kuma gaskiya ne. Manyan jiragensa, tun daga Oasis of the Seas na 2009 har Icon of the Seas na 2024, suna da dandalin wasan ruwa inda ake tsalle daga can sama, da filin ƙanƙara, da cikakkun wasannin waƙa irin na manyan gidajen wasa na Niyok. Amma tsawonsu ya haura mita 360, fiye da filin ƙwallo uku a jere, Icon kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Ki auna gwiwar Mama da wannan: daga ɗaki zuwa wurin abinci, daga can zuwa wasan ruwa a ƙarshen baya, a dawo, ga jiran lif tare da ɗaruruwan mutane da aka tashi lokaci guda. Ga shi kuma sai an kama kujera ta manhaja tun da wuri. In da jikoki za a tafi, zan ce bismillah. Ku uku kawai, a'a.

Kamfanin Viking yana da jirage masu kyau, fasinja ba sa kai dubu ɗaya, ba yara, ba gidan caca, amma darensu na lacca ne da kiɗa mai sanyi, Baba zai ga an watse da wuri. Virgin Voyages shi ma ba ya ɗaukar wanda bai kai 18 ba, sai dai kada wannan ya ruɗe ki, wasanninsa akwai waɗanda ba za ki iya zama ki kalla tare da mahaifinki ba. Saga na 'yan shekara 50 zuwa sama ne, jiragensa ba sa kai fasinja dubu ɗaya, amma an gina tsarinsa a kan mazauna Birtaniya, musamman inshorar da ke cikin kuɗin, don haka sai kin tambaya ko baƙi sun shiga.

Yanzu lokaci, domin yana canja jirgi fiye da yadda ake zato. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantun Ingila suna hutu, jirage sukan cika da yara. Mayu, Yuni da tsakiyar Satumba sun fi dacewa da ku. Tsawon tafiya ma yana tace mutane: ta kwana biyu zuwa huɗu takan jawo matasa masu bikin abokai da shaye-shaye, ko da kuwa a jirgi mai mutunci ne, ta mako guda zuwa biyu kuma dattawa sun fi yawa. Ki kuma ƙirga ranakun da jirgi zai wuni a teku. Idan kullum sai an sauka gari da safe an yi yawo an dawo, da dare kowa ya gaji, zaure ya zama fanko. Mako mai kwana biyu a kan teku shi ke ba da dare mai rai, kuma galibi a waɗannan ranakun ake sa daren kwalliya da manyan wasanni.

Sai tsarin cin abinci, wanda shi ke riƙe da daren gaba ɗaya. A jiragen da ke bin tsohon tsari ana zama sau biyu, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas da rabi, ana kuma yin babban wasa sau biyu don kowa ya samu. Ki kama zaman farko tun ranar da kika biya, domin shi ke fara cika. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ba ya son cin abinci da tara na dare. Ku ci da shida, ku shiga wasa wajen takwas, Mama ta tafi ta kwanta in ta so, ke da Baba ku zarce wurin makaɗa. Ku isa ɗakin wasa da minti ashirin ku kama kujerun bakin hanya inda ba matakala da yawa. Idan kunnen Baba ya fara nauyi, ki tambaya a teburin karɓar baƙi, jirage da yawa suna ba da aron na'urar ƙara ji.

Salla ma ta shigo nan. Idan Norwe za ku a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa a Bargen sai wajen sha ɗaya na dare, don haka magariba ba za ta ci karo da abinci ko wasa ba, amma za ta zo a makare ƙwarai, asuba kuma ta biyo ta da sauri. A Satumba kuwa magariba takan faɗo tsakanin abinci da wasa. Baba ya tambayi malaminsa hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ya taso. Talabijin ɗin ɗaki yana da tasha mai nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, tana taimakawa wajen gane alƙibla. Ku bi agogon jirgi, kada ku dogara da na waya, domin yakan sauya da kansa.

Game da giya da caca, gara in faɗa miki gaskiya: kusan duk wurin da ake kiɗa a waɗannan jirage akwai kantin giya a ciki, ma'aikaci zai zo ya tambayi abin da za ku sha. Ba wanda zai tilasta muku, ku ce shayi ko lemo, shi ke nan. Kada ki bari a sayar miki da tsarin abin sha na giya a cikin kuɗin tikiti. A wasu jirage hanya daga wurin abinci zuwa ɗakin wasa ta cikin gidan caca take bi, don haka ki duba taswirar benaye ki gano hanyar sama ko ta ƙasa. Abincin halal kuma sai an nema da makonni, a rubuce, ki riƙe amsarsu. In ba a samu ba, kifi da kayan lambu suna nan kullum, ki kuma gaya wa shugaban masu hidimar tebur tun daren farko cewa ba naman alade, ba giya a miya ko kayan zaƙi. Idan wannan yanayi gaba ɗaya bai kwanta wa Baba ba, akwai jirgin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamba 2024: ba giya, ba caca, abinci halal, akwai wuraren salla, akwai kuma wasannin dare. Wannan wata tafiya ce daban, wadda za a iya haɗawa da Umara.

Ɗaki. Na taɓa kama wa wani dattijo da matarsa ɗaki mai araha, ban duba abin da ke samansa ba. Ashe zauren rawa ne. Har ɗaya na dare ganga tana dukan rufin, jirgin kuma a cike, ba wurin sauya musu. Har yau abin yana damuna, domin mako guda da suka daɗe suna tara wa kuɗi ya tafi a rashin barci. Tun daga nan ba na kama wa dattijo ɗaki sai wanda sama da ƙasansa duk ɗakunan kwana ne. Ki nemi na tsakiyar jirgi, kusa da lif amma ba daf da shi ba, a benen da bai yi can sama ba, domin nan ne girgizar igiyar ruwa ta fi sauƙi. Kada ki yarda da tikitin da kamfani ne zai zaɓa muku ɗaki daga baya, ko da ya fi araha. A tafiya ta farko kuma ki kauce wa hanyar da ke gangarawa Sifaniya ta mashigin Biske, ruwan wurin yakan yi fushi.

Biza ce ke rusa irin wannan shiri fiye da komai. Bizar Birtaniya ba ta isa ba. Norwe tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, haka Faransa da Holan da Sifaniya, kuma mai fasfon Najeriya dole ya nemi bizar tun yana gida, inda yake zaune, ba bayan ya iso wurinki ba. Ki nemi mai shiga sau da yawa. Ko tafiyar da ake ce wa zagayen tsibiran Birtaniya sau da yawa tana tsayawa a Jamhuriyar Ailan, wadda bizarta daban ce, ko a Faransa. Kada wani ya ce miki ai sai su zauna a jirgi ba sai sun sauka ba. Idan babu bizar ƙasa ɗaya daga cikin jerin, ana iya hana su hawa tun a Sauthamton, kuɗin kuma ya tafi. Ki tabbatar bizarsu ta Birtaniya ta ba su damar sake shigowa, fasfo kuma yana da sauran aƙalla wata shida. Inshorar lafiya wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa dole ce, a faɗi ciwon da suke da shi ba ɓoyewa, domin asibitin jirgi na kuɗi ne mai tsada. Ki kuma sa tukuicin ma'aikata a lissafi, yawancin kamfanoni suna cire kusan dala 16 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum; P&O kuwa ya riga ya haɗa nasa cikin tikiti.

Idan ni ne a matsayinki, zan kama mako guda zuwa Norwe daga Sauthamton a jirgin Cunard, a Yuni ko tsakiyar Satumba, zaman abinci na farko, ɗakuna biyu maƙwabta a tsakiyar jirgi. In kwanakin ba su dace ba, sai Sky Princess. Kafin ki biya ko sisi, ki tura wa Baba hoton takardar shirye-shiryen dare na jiragen biyu ta WhatsApp, ki karanta wa Mama ita ma, su faɗi wanda ya fi burge su. Da zarar sun zaɓa, a fara neman bizar Shengen a makon nan.